Tsutsar Ganyen Kuɓewa

Wata Laraba a damanar da na gama aji uku a lakwal, wato makarantar boko, ni da Illiya muna tsugune a bayan gidanmu na Tsarnawa, cikin kuɓewar Inna, muna aikin da ta ɗora mana. Akwai wata koriyar tsutsa da ke naɗe ganyen kuɓewa kamar tabarma, ta ɗinke shi da farin zare, ta shige ciki tana ci. Namu shi ne mu warware ganyen mu zuba ta a gwangwanin tumatir, kaji su samu kalaci. Illiya, sarkin tausayi, sai ya yi sallama a bakin kowane ganye kafin ya buɗe, ni ko ina masa tsiya. Muna cikin haka kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida, ya sauke wani dattijo da ban taɓa gani ba.

Sai ran nan na san ba ciki ɗaya muka fito da Illiya ba. Uwarsa maƙwabciyarmu ce, ta rasu yana jariri, ubansa kuma ya tafi bida, wato cin rani, bai waiwayo ba. Inna ta ɗauke shi ta haɗa mu a nono. Tare muke kai wa Baba fura gona, tare muke koron tsuntsaye a hatsi, a akushi ɗaya muke faɗan ƙanzo. Dattijon wan uban Illiya ne daga wajen Tajaye, ya zo tafiya da ɗansu.

Inna ba ta iya gardama ba, abin da ta sani na gona shi ta kawo. A wurinta tsutsa ba ta da wani suna sai na abin da ta ci: ta wake, ta kuɓewa, ta auduga. Daga bayan zana ta ce, “Malam, tsutsa da ganyen da tac ci aka saninta. Yaron ga tuwona ya ci.” Dattijon ya yi godiya mai yawa, har da sa albarka, sannan ya ce, “Gaskiya ta, amma tuwo ba ya zama jini.” Baba ya sunkuyar da kai, don ya san babu mai ba shi gaskiya. Kafin la'asar an ɗaure wa Illiya kayansa a tsohon zanen Inna. Bai yi kuka ba, ni na yi na mu biyu. Daga baya muka ji an wuce da shi ƙetare, labarinsa ya yanke. Inna ba ta sake shuka kuɓewa ba har ta koma ga Allah.

Yau ga ni a ɗakin bincike, aikina rarrabe ƙwarin da waɗannan tsutsotsi ke zama in sun yi fiffike, irin masu kewaya fitila. Ido ba ya raba su, sai mu ciri ƙafa ɗaya mu karanta ƙwayoyin halittar da kowane ya gada, mu gane danginsa. Sau da yawa biyu sun tashi a ganye guda, gwaji ya ce ba su haɗa iri ba, in sa su a akwati daban-daban. Na san aikin daidai ne, dattijon nan ma bai yi ƙarya ba. Amma har yau in aka tambaye ni mu nawa ne a ɗakin Inna, da Illiya nake ƙirgawa.