Hannun Baba Tumbi

Ina wanke kwalabe a ɗakin gwaji mai kula da shanun sashenmu ya leƙo. Ya ce saniyar nan mai dalalar da yawu ta mutu, kuma kafin ta mutu ta yi ta karo da bango tana cizon ƙarfen turke.  Nan take na tuna hannun Malam.

Baba Tumbi muke ce masa, don ya ƙare ƙuruciyarsa yana binciken yadda tumbin saniya ke narkar da ciyawa, da yadda magani ke bi ta cikinsa. Shi ya koyar da ni, da na gama digiri kuma ya riƙe ni ina taya shi bincike. Ofishinsa warin dusa yake yi. 'Ya'yansa kan ce ba za su gaishe shi ba sai ya yi wanka. Ba ya sa safar hannu.

"Roba makantar da yatsa take yi," yakan ce. "Ku 'yan zamani, in an bar ku da sanda za ku riƙa duba dabba."

Ranar da saniyar ta kasa haɗiya, ya ɗauka wani abu ne ya maƙale mata a maƙogwaro. Na riƙe mata kai, ni da safata, shi kuwa ya zura hannu har gwiwa. Bai samu komai ba. Garin zarowa haƙori ya karce shi. Ya goge jinin a riga, ya tafi aji.

Saniya mai ciwon haukan kare haka take farawa. Shi da bakinsa ya koya mana.

An fara yi masa allurar rigakafi, amma bayan kwanaki sun shuɗe. Jiya na je gidansa. Matarsa ta tare ni a bakin ƙofa, ta yi ƙasa da murya.

"'Yata, ke kin karanta. In ya ce ba komai, da gaske yake?"

Na raɓa ta gefenta na shige ciki.

Malam yana zaune a falo, ciwon hannun ya bushe. Ya san mai wannan cuta ruwa yake fara gudu, sai ya ɗaga kofi ya shanye a gabana.

"Kin gani? Har yanzu muna shiri da ruwa. An ba sauran shanun dusa?"

Na ce an ba su. Ya daɗe yana juya kofin a hannu.

An kai kan saniyar wani ɗakin bincike don a duba ƙwaƙwalwarta. Sakamakon bai fito ba tukuna.