An zuba Linux a kan muryar mahaifina

Shekarun baya, lokacin ina koyarwa a wata firamare a Tessaoua, ina da tsohuwar odinatar, wato kwamfuta, ta hannu wadda batirinta ya mutu, sai an jona ta da wuta take tashi. Ni ba gwani ba ne. Iyakar sanina, diskinta a rabe yake gida biyu: C inda Windows yake zaune, da D inda nake zuba kayana.

A cikin D ɗin nan muryar mahaifina take. Makiyayi ne, a wajen El Allassane Maïreyrey ya yi rayuwarsa. Da tsufa ya zaunar da shi, duk hutun da na je gida sai in aje masa waya a kan tabarma in ja shi da hira. Ya ba ni labarin shekarar da fari ya kore su kudu da dabbobi, ya jero mini sunayen shanunmu uwa da ɗiya tun daga na kakansa, rabi da Fillanci rabi da Hausa. In na dawo sai in kwashe in zuba a D, in goge na wayar don ba ta da wuri. Da ya rasu na kasa saurare. Na ce sai zuciyata ta yi sanyi.

Ana haka wani abokina ya dawo hutu daga Yamai. Tare muka yi koleji a Mayahi, shi ya wuce karatun odinatar. Ya same ni wata Asabar da hantsi ina jiran injin ya buɗe, ya kwashe da dariya.

"Kai, wanga abu ai amalanke ne! Bari in sa maka Linux kusa da Windows. In ka kunna ka zaɓi wanda kake so, su biyu cikin gida ɗaya."

Na ce, "Akwai muryar Baba a ciki fa. A D take."

"Haba malam, aikina ne. Ba abin da zai taɓa ta."

Na sake faɗa, ya ɗaga mini hannu kamar mai korar ƙuda. Ni kuma da son a ce ina da abin zamani, na tashi na hura gawayi na ɗora masa shayi.

Ya soka kile ɗinsa na USB mai ɗauke da Linux, ya shiga aiki. Rabin hankalinsa yana kan allon, rabi yana kan waya, yana gardamar ƙwallo da wani. Na ji ya ce, "Wurin nan zai ishe mu," ya danna. Kafin azahar ya kira ni yana washe baki. Ya kunna, sai ga layi biyu: Linux a sama, Windows a ƙasa. Kowanne ya shiga lafiya lau. Har na yi masa godiya, wallahi, har da ƙara masa shayi.

Na shiga Windows na duba. Ga C. Babu D.

"Ina D?"

Ya leƙo, ya danna nan ya danna can. Sannan ya ce, ko kunya babu, "To ai a can na zuba Linux ɗin. Sai da na share shi kafin ya karɓa. Ba ka da kwafi a wani wuri?"

Na juyo na dube shi. Na ce, "Na gaya maka ko ban gaya maka ba?"

"Ka gaya mini, amma kai ma da laifinka. Wa ke aje abu mai muhimmanci wuri ɗaya? Kuma ai hira ce kawai, ba takardun aiki ba."

Hira ce kawai! Ban san lokacin da na cakumi wuyan rigarsa ba. Maƙwabcina ne ya jiyo hayaniya ya shigo ya raba mu, butar shayi ta kife a ƙasa. Na ce ya fita mini daga ɗaki. Ya zare kile ɗinsa ya sa aljihu, yana cewa ba a yi wa mutum alheri yanzu.

Na ɗauki injin na kai wa wani mai gyara a Maradi. Ya ce in daina kunna shi, don duk kunnawa ƙara binne abin take. Ya yi iya ƙoƙarinsa, ya tsamo tarkace: hotuna rabi-rabi, sauti mai ƙara kamar rediyon da ya ɓace tasha. Labarin fari ya tafi. Sunayen shanu sun tafi. Guntu ɗaya tak ya fito da kyau, gajere ƙwarai. Baba ya yi tari, sannan ya ɗaga murya yana kiran mahaifiyata: "Ke, kawo mishi hura. Yaron ga tun ɗazu yake tambaya, bai sa komi a cikinshi ba."

A shagon mutane na zauna na yi kuka.

Na kai wa mahaifiyata ta ji. Ta sa na maimaita mata, sannan ta tambaye ni ina sauran. Na rasa yadda zan yi mata bayanin C da D. Na ce mata wani ne ya share. Ta ce, "Ya ba ka haƙuri?" Na ce a'a.

Har yau bai ba ni ba. Kuskure kowa na yi, da ya dafa kafaɗata ya ce "na cuce ka, yafe mini," da tuni an wuce wurin. Abin da ke ci mini rai shi ne na faɗa masa da bakina, ya ji, bai ɗauki maganata a bakin komi ba, don a ganinsa wanda bai san Linux ba bai san darajar abin da ke cikin injinsa ba. Yanzu duk mai taɓa mini diski, a gabana zai yi, kuma sai ya karanta mini abin da zai danna.

Muna gaisawa da shi in mun haɗu wurin biki ko jana'iza. Bara a kasuwar Tchaké ya tare ni da fara'a, ya ce, "Malam, kana dai jin daɗin Linux ɗin nan kuwa?"

Na dube shi na ce, "Ban taɓa buɗe shi ba. Kabari ne."