Minti Ashirin ɗin da Nake Tsallakewa

Ban taɓa zama a ajin jami'a ba, ko na minti ɗaya. Amma duk lokacin da na ci karo da fim ɗin 'yan jami'a, kewa ce ke kama ni kamar wadda ta yi shekara huɗu a can. Abin haushi ne, na sani, mutum ya riƙa kewar wurin da bai taɓa takawa ba.

Mu uku ne a sakandare, duka haihuwar Makka. Ni a unguwar Misfala muke zaune, hawa na uku, mahaifina yana sayar wa alhazai carbi da dadduma. Iyayensa daga ƙasar Hausa suka taso, ta Sudan suka biyo, kuma har yau iƙama muke riƙe da ita, takardar zaman baƙo, duk da ban san wata ƙasa ba sai wannan. Ta biyu ma 'yar iƙama ce, danginta mutanen Nijar ne. Ta ukun kuwa kakanninta sun daɗe da zuwa, 'yar ƙasa ce. Gidansu a unguwar Rusaifa yake, da falo mai sanyi da ƙatuwar talabijin. Can muke haɗuwa kowace Alhamis bayan la'asar.

Fim iri ɗaya muke kallo: samari a ɗakin kwanan ɗalibai, suna satar amsa, suna cinye abincin juna, suna gudun wani malami mai sanƙo. Na Indiya, na Masar, duk wanda ya samu. A kowanne sai ka ga mai tabarau da ba ya ajiye littafi, da mai ƙiba da ba ya ajiye cokali, da wani mai baki da ke jawo musu masifa. Sai muka raba su a tsakaninmu. 'Yar Rusaifa ta zama Mai Tabarau, da ma tana sawa. 'Yar Nijar ta zama Mai Ci, ko da yake siririya ce kamar tsinke, ban san inda abincin yake zuwa ba. Ni na zama Mai Baki. Ba wadda ta yi musu.

Kakar Mai Tabarau ba ta yarda da kiɗa a gidan ba, finafinan kuma cike suke da shi. Tana zaune a kusurwa da carbinta za ta ce, "In da kiɗa, ku kashe mini shi." Dole muka rufe sauti muna karanta fassarar Larabci a ƙasa. Ni ba ni da haƙurin wannan. Wata rana malamin mai sanƙo ya buɗe baki yana faɗa, sai kawai na sa masa magana da Hausa: "Wane marar kunya ne ya cinye mini burodin tamis, ya bar mini leda?" Mai Ci ta ƙware da shayi. Daga ranar muka daina karatu. Kowa ta riƙe ɗan fim ɗinta tana yi masa murya. Har Kaka takan manta ta yi dariya, ta dawo ta ce astagfirullah.

Hausar Mai Tabarau ita ce rabin abin dariyar. Larabci ya cinye mata harshe, kowa a wurinta namiji ne.

"Kai, Mai Baki, ka cika surutu," in ji ta.

"Ke ake cewa, ya bint. Mace ce ni."

"Halas, na ji. Ke, ka cika surutu."

Shekara uku ina gyara mata, ba ta gyaru ba.

Rimot a hannuna yake zama, kuma ina da doka ɗaya: ba a kallon ƙarshe. Da na ga an gama jarrabawa, an fara ɗaure akwatuna, sai in kashe. Me za a kalla? Ƙarti su rungume juna suna kuka. Mai Ci ce kullum ke roƙona.

"Ke dai bari mu ga ko za su sake haɗuwa."

"Za su haɗu. Kullum haɗuwa suke yi. Yalla, kawo wani."

Akwai fim ɗin da Mai Ci ta fi so, wanda mai ƙibar ya ɓoye kaza da rai a ɗakinsu. Sau huɗu muka kalle shi, sau huɗu na kashe shi saura minti ashirin.

Mun sha tsara yadda tamu jami'ar za ta kasance. Inda za mu zauna, wadda za ta riƙa kwafar mana darasi, wadda za ta riƙa ci a aji. Mun san zancen takardun zama, mu ba yara ba ne. Ba dai ma ɗago shi ne.

Sakamako ya fito, na fi Mai Tabarau maki. Ba da yawa ba, amma na fi ta. Ita ta samu gurbi. Masu iƙama kujerunmu kaɗan ne, na jira, sunana bai fito ba. Mai Ci ko nema ba ta yi ba, don mahaifinta ya riga ya yanke shawarar fita ta ƙarshe, su tattara su koma Nijar gaba ɗaya, garin da ba ta taɓa gani ba sai a hoton waya.

Alhamis ɗin ƙarshe Mai Tabarau ta kira ni. "Ka zo. Za mu yi mata ban kwana. Ta ce tana son fim ɗin kaza, har ƙarshe."

Na je. An yi sambusa, an sayo balila, dafaffen waken nan da Mai Ci ta fi so. A kan tebur, kusa da faranti, ga katin jami'a da igiyarsa ta ratayawa. Na tabbata ba da gangan ta ajiye shi ba, da ma ita haka take zubar da kayanta ko'ina. Amma idona ya ƙi barinsa.

Muka fara. Da farko komai daidai. Mai Ci ta yi muryar mai ƙiba yana lallashin kazarsa, Kaka ta rufe baki da mayafi. Sai aka zo wurin da aka liƙa sakamako a bango. Mai tabarau na fim ya ga sunansa a sama, mai baki ya dafa kafaɗarsa yana magana. Layina ne. Sau huɗu na yi shi a baya, kullum cewa nake ya saya mana shawarma tunda ya ci.

Ranar sai na ce, "Kada ka ɗaga mana kai, malam. Ba ƙwaƙwalwarka ce ta kai ka ba, katin kakanka ne."

Da muryar wasa na faɗa, amma ba wadda ta yi dariya. A talabijin suna ta tsalle, ba sauti. Carbin Kaka ya tsaya.

Mai Tabarau ta cire tabarau ta goge da gefen riga. Ba ta kalle ni ba. Ta ce, "Ke, me na yi miki?"

Ke. Miki. Daidai, ba kuskure ko ɗaya. Shekara uku ina neman ta faɗi haka, sai ranar ta faɗa.

Da ina da hankali da na ce wasa nake. Ni kuwa idan na fara ba na iya tsayawa. Na ce ba ta yi mini komai ba, ai ba ta taɓa yin komai ba, yi mata ake yi. Kaka ta ce, "'Yar nan, bakinki." Na ɗauki abayata na fita.

Mai Ci ta biyo ni har matakala, ba takalmi, da rabin sambusa a hannu.

"Dawo mana. Minti ashirin ya rage fa."

"Ku kalla."

"Ba mai yi wa naki murya. Jibi za mu tafi, ƙawas."

"Za mu haɗu," na ce. Na sauka.

Jibin ban je rakiya ba. Na san Mai Tabarau za ta je, ni kuma ba na son ganinta. Na ce a raina zan kira Mai Ci idan ta sauka, na manta cewa layinta na nan zai mutu da tafiyarta. Ban karɓi wata lamba ba.

Shekara shida ke nan. Ina aiki a shagon abaya a Misfala, lokacin Hajji kuma in bi masu aikin abinci zuwa Arfa, muna zuba shinkafa a kwali tun safe har hannu ya daina jin zafi. Mai Tabarau ta gama karatu, na ji a bakin mutane. Sau ɗaya na hango ta a layin motar haya, na juya na shiga wani kanti na sayi abin da ba na buƙata.

Watan jiya, da azahar, shago ba kowa, ina latse-latsen waya sai ga fim ɗin kaza. Na shiga ɗakin ajiya na zauna a kan kwali. Na rufe sauti, don ban san yadda ake kallonsa da sauti ba. Na tura shi zuwa inda nake kashewa, na bar shi ya ci gaba.

Ba su sake haɗuwa ba. Su uku ne a bakin ƙofar makaranta da akwatunansu. Mai bakin ya daɗe yana magana, sauran biyun suna dariya suna share ido. Mai ƙiba ya miƙa masa kazar. Kowa ya kama hanyarsa, rubutu ya hau. Shi ke nan. Ashe ba kullum ake haɗuwa ba, faɗa kawai nake yi don a ba ni rimot.

Wannan kwafin ba shi da fassara a ƙasa, ban san abin da mai bakin ya ce ba. Layina ne kuma. Na mayar da wurin baya, na danna ɗaukar murya, na yi masa. Na ce shi jaki ne, bakinsa ya fi hankalinsa gudu, katin ba laifin kowa ba ne. Na ce da ya sani da ya tsaya minti ashirin ɗin. Muryata ta lalace a tsakiya, ban sake ba. Na tura wa tsofaffin lambobin biyu.

Na Mai Ci har yau bai shiga ba.

Mai Tabarau ta amsa bayan kwana biyu, a rubuce, da Hausa: "Allah ya saka miki da alheri. Ya wuce, kada ki damu. Ki gaida Umma."

Na karanta sau uku ina neman "kai" a ciki. Babu. Ban sani ba ko koya ta yi daga baya, ko da ma ta iya, don mu yi dariya take lalatawa. Na rubuta zan tambaye ta, na goge. Sai na ji an turo ƙofar shago, wata hajiya tana tambaya ko akwai abaya mai lamba hamsin da shida. Na sa wayar a aljihu na fito na ce akwai.