Wushiryar Gavrila

Sun toshe wa Gavrila Buksha wushiryarsa, ko tambayarsa ba su yi ba.

Tun yana saurayi yake kiwon tumakin ƙauyenmu, kuma ta wannan 'yar kafa ta tsakanin haƙoransa yake yi wa karnukansa fito. Dogon fito su taro garke, gajere su tsaya cak. Bara rago ya tunkuye shi, haƙoran gaba suka zube. Asibitin gari suka yi masa na roba masu ƙugiyar ƙarfe, irin waɗanda ake cirewa a jiƙa a kofi. Farare tas, a matse, ko zare ba zai ratsa ba.

Ranar sakawa, likitar na riƙe da haɓarsa, yatsanta a bakinsa, ta ce, "Baba, ka gamsu ko?"

Ya ce, "Uhm." Shi ke nan, wai ya gamsu.

Tun a hanya zargi ya kama shi. Ya ce wa matarsa, "Saveta, waɗannan ba nawa ba ne. Na wani ne da ya mutu bai zo karɓa ba."

"Kai tsoho, ji ka! Ashe mamacin ya fi ka kyan baki. Mu je ka ci tuwon masararka."

Tuwo ya ciwu, cuku ma haka. Amma da ya fita ya yi fito, sai iska kawai, fuu. Ursu, babban karensa, ya ɗaga kunne, ya dube shi kamar baƙo, ya koma ya kwanta. Ya cire haƙoran ya gwada da dasashi, abin ya fi muni. Makon jiya kerkeci ya ɗauke tunkiyar maƙwabci a gabansa, yana ta hura iska, karnuka na can bakin rafi.

Yanzu masu tumaki na ƙus-ƙus, wai in lokacin kai garke kiwo kan dutse ya yi, ranar idin Waliyyi Gheorghe, wani za su damƙa wa garke.

Ya koma asibiti. Likitar ta yi dariya. "Haba Baba, wa ke son giɓi a baki? Gyara muka yi maka. Kuma kai ka ce ka gamsu."

"'Yata, giɓin nan shi ne sana'ata."

Ni dai ban yarda da su ba. Da gangan suke tambaya lokacin da bakin mutum ke cike.

To, ku na asibiti, ku buɗe wa Gavrila wushiryarsa kafin garke ya hau dutse. In kuma kuna son sanin ko ya gamsu, ku fara cire yatsa daga bakinsa, sannan ku zo ku ga ko Ursu zai tashi.