An karɓa, mun gode

A shekarar da na yi wa wata ƙungiyar manoma aiki a Jalingo, ni kaɗai ne mai rubuta kod, wato manhajar kwamfuta, a ofishin, ina jin ma a duk layin. Ɗaki biyu ne a unguwar Turaki, ni aka ba lungun da ke jikin janareta, wai mai kwamfuta ba ruwansa da ƙara. Abokan aiki suna kirana Injiniya idan firinta ta ci takarda, da ta saki kuma sai su manta da ni. Ban riƙe su a zuciya ba, amma kaɗaici ya dame ni ƙwarai. Sai in wuni ina kokawa da matsala guda, in kayar da ita, in waiga babu wanda zan gaya wa.

Aikin da aka ɗauke ni dominsa shafin intanet ne, inda manoma za su yi rajista kafin damina a ba su irin shinkafa mai saurin nuna. Wanda sunansa ya shiga, ranar rabo buhunsa na jiransa. Wanda bai shiga ba, sai baɗi. Mutum zai cike fom a waya ya danna, fom ɗin ya tafi wurin saba, wato kwamfutar da ke can nesa tana karɓa tana ajiyewa, ita kuma ta maido masa amsa. Kowace amsa da lambarta. Ɗari biyu na nufin komai ya shiga daidai. Ɗari huɗu da wani abu na nufin matsalar tana cikin abin da ka aiko. Ɗari biyar kuwa, saba ce ke cewa laifin daga gidanmu ne.

Da farko haka na tsara abin, kowane kuskure ya fito da jan rubutu. Ranar da na nuna wa kwamiti, sakatare ya manta bai saka sunan ƙauye ba, jan rubutun nan ya faɗo a gaban kowa. Shugabanmu dattijon Bafulatani ne, irin wanda ko yunwa na cinsa sai an yi masa tayi sau uku. Bayan an watse ya kira ni, ya ce shi dai a iya saninsa ba a ce wa baƙo a'a a bakin ƙofa. Manomi ya bar gonarsa, ya roƙi a cike masa fom, sai na'ura ta yi masa jan biro kamar ɗalibin da ya faɗi jarrabawa?

"Injiniya, a karɓa tukuna," in ji shi. "In da gyara, ma gyara a cikin gida."

Ba zan ɗora masa laifin ba, domin maganar ta kwanta mini. Ni ma haka aka rene ni. A gidanmu ko kana kwance jikinka na rawa, aka ce yaya jiki, da sauƙi za ka ce. Sai na koma lunguna na yi abin da duk mai wannan sana'a ya san ba a yi. Na ɗaura tarko ɗaya da ke kama kowane irin kuskure, ya rubuta shi a log, wato kundin da saba ke ajiye abin da ya faru, sannan ya maida wa mutum lamba ɗari biyu da koren rubutu: An karɓa, mun gode. Na yi wa kaina alkawarin duba kundin kullum. Na yi mako guda ina dubawa, ban ga abin a zo a gani ba, daga nan firinta da sauran tarkace suka ɗauke mini hankali.

Akwai kuma wani abu da na yi tun farko ban ɗauke shi komai ba. Na gindaya wa rumbun bayanai sharaɗi cewa lambar waya ɗaya, mutum ɗaya, don kada wani ya yi rajista sau biyu. Ni ɗan birni ne, inda na tashi kowa da wayarsa a aljihu. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa a ƙauyukan bayan garin Sunkani waya ɗaya ce ke yi wa gidaje da yawa hidima. Na farko ya shiga, duk wanda ya biyo baya rumbu ya ƙi shi, sabata kuwa ta yi masa godiya cikin ladabi.

Ranar rabo, wajen la'asar, sakatare ya turo mini wata tsohuwa, ya ce sunanta ba ya cikin jerin kuma ta ƙi tafiya. 'Yar ƙabilar Mumuye ce, mijinta ya rasu, ita ke noma 'yar fadamarsu. Ta kwance bakin zaninta ta fito da takarda a ninke. Katikis ɗin ƙauyensu, wato malamin cocinsu, shi ne ya cike mata fom da wayarsa, kuma don ta samu shaida ya kwafe mata abin da ya fito a allo da biro. Na karɓa na ga kalmomina da hannun wani.

Na ba ta kujera na buɗe kundin. Ban sha wahalar nema ba. Ga sunanta nan, mako uku da suka wuce, a gefensa kuma saba ta rubuta gaskiya dalla-dalla: an riga an yi amfani da wannan lambar waya, ba a ajiye ba. Gaskiyar tana nan zaune tun ranar, a wurin da ni kaɗai nake da mabuɗinsa. Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaga murya ba.

"Ɗana, da abin naka ya faɗa mini bai karɓa ba, da na zo da ƙafa na," ta ce. "Hanya ba nisa. Amma ya ce ya karɓa, shi ne na ba ƙanwata tsohon iri na, ta riga ta shuka."

Na je wurin shugaba. An ƙirga buhunan daidai da jerin sunaye, an raba, motar ma ta tafi. Ya sunkuyar da kai ya ce sai baɗi in Allah ya kai mu. Tsohuwar ta ninke takardarta, ta mayar bakin zani, ta yi mana sai an jima.

Kwana huɗu na yi ina warware tarkon nan. Na cire sharaɗin waya. Na ware wa kowane kuskure irinsa, da lambarsa, da maganarsa ta Hausa wadda ta fara da abu ɗaya: Ba a karɓa ba. Sannan dalili ya biyo, da abin da mutum zai yi. Idan laifin namu ne, saba ta ce namu ne, ta ba mutum 'yar lamba da zai kawo ofis in gano inda abin ya tsaya. Na fitar da sunayen sauran da aka yi wa godiyar banza na miƙa wa sakatare. Shugaba ya dubi jan rubutun ya daɗe, ya ce to. Ban taɓa yin aiki mai tsabta kamar wannan ba, kuma babu wanda ya san haka sai ni.

Da damina ta yi nisa, wata Asabar na hau mota zuwa Sunkani, daga can na hau babur. Ban san abin da zan ce ba, kawai zama ne ya gagare ni. Katikis ɗin ya nuna mini hanya. Na same ta a bakin fadama. Gonakin maƙwabta sun yi kore shar, shinkafa ta kai gwiwa. Tata kuwa ciyawa ce, sai wani ɗan yanki a gefe, bai fi faɗin tabarma huɗu ba, inda ta dasa abin da ta samu a hannun mutane.

Ta gane ni. Ta ɗebo mini ruwa a kofi, ta share mini dutse in zauna. Bakina ya riga ni, na ce, "Mama, yaya gona?"

"Lafiya lau, ɗana," ta ce. "Yaya aiki?"

Na dubi ciyawar da ke bayanta, na dubi kofin da ke hannuna.

"Lafiya lau, Mama."