Ba Sa'id, Mai Koyar da Tuƙi a Motar Gawa

Da hantsi, in ka bi ta bayan masallacin unguwarmu a Moduganari, za ka tarar da Ba Sa'id, wato Baba Sa'id a bakin mutanenmu, yana wanke farar bas ɗin ɗaukar gawa. Daga ciki yake farawa. Ya fito da makara ya jingine, ya goge ko'ina, sannan ya duba birki da tayoyi, ko an yi rasuwa ko ba a yi ba. Yaran unguwa in ƙwallonsu ta shige ƙarƙashin motar nan, sai su bar wa Allah.

A cikin wannan motar yake koya wa samari tuƙi, kuma ba wanda ya ɗora masa aikin. Gajiya ya yi da kai yaran da ko gemu ba su fara ba maƙabarta, wasu daga wasan mota na ranar biki, wasu daga Keke Napep ɗin da aka damƙa musu ba su san komai ba sai hon.

Koyarwarsa ba ta da hayaniya. Zai mayar da makara bayan mota, babu kowa a kanta, kuma ba ya ɗaure ta. Yaro ya zauna a gaban sitiyari, ƙamshin kafur ya cika masa hanci. Da ya taka birki da garaje, sai makarar ta sulalo ta daki bayan kujerarsa. Ba Sa'id ba ya faɗa. Waiwayawa kawai yake yi, ya dubi makarar da ba kowa, ya ce a hankali, "Yi haƙuri, malam, yaro ne." Na ga ƙartin samari masu cika baki sun sauko daga motar nan suna ta salati, da rana tsaka.

Ya Aisa, mai sayar da turaren wuta a Kasuwar Kwastam, ita ta jawo ɗanta Uwais har gabansa. Shi kaɗai Allah ya bar mata, ga shi ya koyi ɗauke makullin motar kawunsa yana zuwa juya ta a gidajen biki.

"Ba Sa'id, ga shi nan," ta ce. "Ni kam na kasa. Kullum na ji ƙarar taya sai in ce shi ne."

Dattijon ya sa aka yi wa yaron takardar koyo, suka fara. Da makara ta daki kujerarsa ya ji an ba ta haƙuri, Uwais ya kashe mota ya fice. Ya riƙa faɗa wa abokansa cewa tsohon ya zare.

Wata Asabar aka ɗaura aure a Galtimari. Uwais na tsaye a bakin titi yana jiran layinsa ya zo, amininsa Ridwan na juya mota ana ta shewa. Taya ta fashe, motar ta wuntsila. Kafin a kai Ridwan asibiti rai ya yi halinsa.

Bayan an sallaci gawa an sa ta a mota, Ba Sa'id ya ratso cikin jama'a ya miƙa wa Uwais makulli.

"Kai za ka kai shi."

"Baba, ba zan iya ba."

"Za ka iya. Ina gefenka."

Hanyar nan Uwais ya san ta kamar tafin hannunsa, amma a ranar sai ta ƙi ƙarewa. Duk sanda ya ɗaga ido ga madubi sai ya ga tabarmar da aka lulluɓe amininsa tana ɗan motsi, mahaifin mamacin ya dafa ta da hannu biyu. Ya ga ramukan da bai taɓa lura da su ba. Ya ga 'yan makaranta suna tsallaka titi ba tare da sun duba ba. Har suka isa, makarar ba ta gusa ba, kuma Ba Sa'id bai waiwaya ba.

Da aka share makoki Uwais ya dawo da ƙafarsa. Yau da lasisinsa, shi ke kai yaran wata makaranta yana dawo da su, kuma Ya Aisa tana cin abinci ya zauna mata.

Bana idanun Ba Sa'id sun yi rauni, ya ce zai ajiye makulli. Baba, kai ne ka ga abin da iyaye ba sa son gani, ba ka tsaya ga ta'aziyya kawai ba. Kai ne direban da ba a so ya tsaya a ƙofar gida, amma gidaje da yawa saboda kai ba a shimfiɗa tabarmar makoki a cikinsu ba. Mun gode, Allah ya saka maka da Aljanna. Mu kuma masu miƙa wa yaro makulli don ya daina damunmu, mu ji kunya, mu zaunar da shi gaban wanda zai koya masa tukuna.

Ranar da unguwa ta taru yi masa addu'a, liman ya tambaye shi abin da ya hana shi koyar da yaran a motar da ba za ta firgita su ba. Ba Sa'id ya dubi samarin da suka cika sahun baya.

"Malam, ba wanda ba zai shiga motar nan ba a cikinsu," ya ce. "Ni dai na so su fara shiga ta ƙofar gaba."