Kakar da Ta Cinye Guɗar Hindu

A ƙauyukan da ke kewayen Korgom, amarya ba ta jin ta fita gidan ubanta sosai sai Hindu ta rangaɗa mata guɗa. Tun tana budurwa Allah ya ba ta wannan maƙogwaro. Sai kuma ya haɗa ta da jikin da ba ya shiri da ƙaiƙayin gero. Da an fara sussuka sai atishawa ta tasar mata, idanu su kumbura, murya ta dushe. Ga shi mutanen nan ba su tashi ɗaura aure sai da kaka, lokacin da rumbu ya cika.

Ta gaji da abin, gajiya ba kaɗan ba. Kowace shekara ita ce dafa citta da kanumfari, ita ce lasar zuma da habbatussauda, ita ce sirace da ganyen turare har zufa ta jiƙa mata zane. Wata shekarar ya yi mata aiki, wata shekarar kamar ta sha ruwan randa. Ƙwayar da malamin asibiti ya ba ta a Tasawa kuwa barci take sa ta. Shi ne ya ce mata babban magani ta nisanci masussuka.

Bana aka sa ranar Shamsiyya, ɗiyar ƙanenta Talle, wadda ta goya tun rasuwar uwarta. Hindu ta yi rantsuwa ko hanyar masussuka ba za ta bi ba. Ta yi zaman ɗaki, tukunyar citta kullum a kan murhu, muryarta tangaran.

Ana jibi kai amarya ta leƙa ta bisa danga, ta hangi mata suna shiƙar geron gara, dusa duk a ciki. Zuciya ta ɗebe ta.

"Wanga za a kai gidan surukai? Ku ba ni ƙoryar nan!"

"Gwaggo, muryarki hwa," in ji Rukaiya, matar maƙwabcinta.

"Ƙorya guda ɗai za ni nuna maku."

Ba ta ajiye ba sai da ta shiƙe geron tas.

Ranar kai amarya ta yi sirace har ta ga jiri. Aka fito da Shamsiyya a lulluɓe, ta zo ƙofar gida ta tsaya cak, tana jiran muryar da ta sani. Hindu ta kama hanci, ta ɗaga kai. Iska kawai ta fita. Ta sake, sai tari.

Rukaiya ta ciro waya ta kunna guɗar Hindu da ta ɗauka a wani bikin bara. Mata suka yi shewa, amarya ta taka, aka ɗora ta a amalanke, Rukaiya a gefenta da wayar a sama.

Hindu ta zauna bisa turmi tana share ruwan ido. Kowa ya ɗauka ƙaiƙayin ne. Tana nan zaune tana jin muryarta tana nisa, har amalanken ya sha kwana.